Matata 'yar Maraɗi ce: ta yaya za ta zama 'yar Najeriya a hukumance?

Wani bawan Allah daga Katsina ya rubuto cewa shekara tara ke nan da ya auro matarsa daga Maraɗi, suna da 'ya'ya huɗu, kuma bana yana son ya biya mata kujerar Makka ta hukumar alhazai ta jiha. Wani ya ba shi shawarar ya karɓo mata takardar shaidar ƙaramar hukumarsu, a yi mata fasfo kawai, tunda a cewarsa aure ya riga ya mayar da ita 'yar ƙasa. Ya ƙara da cewa ƙanwarsa ma tana auren wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram da ya daɗe a Kano, yana so ya san ko hanya ɗaya za su bi.

Malam, Allah Ya ƙara danƙon zumunci, Ya raya zuri'a. Zan fara da gyara abin da aka faɗa maka, domin a kansa ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. A dokar Najeriya aure ba ya mayar da mace 'yar ƙasa da kansa, ko da ta shekara arba'in a ɗakin mijinta, ko da ta haifi 'ya'ya goma a Katsina. Abin da aure yake ba ta shi ne damar ta nema ta hanya mai sauƙi wadda sauran baƙi ba su da ita. Har sai ranar da Shugaban Ƙasa ya amince, ta yi rantsuwar biyayya, aka miƙa mata takardar shaida, a idon doka 'yar Jamhuriyar Nijar ce da ke zaune a Najeriya.

Kafin mu shiga maganar nema, akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan batu daga garuruwan bakin iyaka, ita ce: su wane ne iyayenta? Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Uwa da uba duk ɗaya ne a wannan sashe. Tsakanin Maraɗi da Katsina, inda auratayya ta girmi iyakar da Turawa suka shata, ba abin mamaki ba ne a bincika a tarar mahaifiyar matarka 'yar Jibiya ce ko Kaita da aka kai aure can. Idan haka ne, ba ta buƙatar kowa ya ba ta abin da take da shi tuntuni. Abin da ya rage shi ne ta tabbatar da asalin mahaifiyar da takardu. Idan kuma kaka ce ko kakan ne ɗan Najeriya, ita kuma an haife ta a Nijar, tana da wata ƙofar rajista ta daban wadda ba ta dogara da aurenku ba. Ku zauna da dattawan gidansu ku tambayi wannan da kyau tukuna.

Idan an duba babu wannan alaƙa, sai mu koma sashe na 26, wanda shi ne ya shafe ta. Sashen ya ba da damar yi wa rajista duk macen da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa. Wannan kalma ta biyu tana da nauyi, domin ta haɗa da wadda mijinta ya rasu da wadda aurenta ya mutu. Sharuɗɗan da aka gindaya uku ne kacal: Shugaban Ƙasa ya gamsu cewa mai halin kirki ce, ta nuna a fili cewa a Najeriya take nufin kafa zamanta na dindindin, sannan ta yi rantsuwar biyayya da ke Jadawali na Bakwai na Kundin. Kundin bai ƙayyade mata wasu shekarun zama ba, bai kuma ce sai ta haihu ba. A rubuce abu ne mai sauƙi ƙwarai. Wahalar tana wajen tabbatar da abubuwa biyu da kowa a unguwarku ya sani, amma gwamnati ba ta san su ba sai a takarda: cewa ita ce wadda ta ce ita ce, da cewa aure ne na gaskiya tsakaninku.

Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku, wato na rajista a ƙarƙashin Dokar Aure, da na Musulunci, da na gargajiya, kuma sashe na 26 bai fifita ɗaya a kan sauran ba. Saboda haka auren da aka ɗaura a ƙofar gida ko a masallaci, da waliyyi da wakili da shaidu da sadaki, aure ne cikakke a gaban doka, kuma kasancewar mace ta biyu ce ko ta uku bai fitar da ita daga sashen ba. Sai dai jami'in da ke zaune a Abuja bai halarci ɗaurin auren ba, bai ci goron ba. Takarda yake so ya gani. Idan a Maraɗi aka ɗaura kuma aka rubuta shi a ma'aikatar magajin gari, ku nemo takardar, a fassara ta daga Faransanci zuwa Ingilishi a hannun tafintan da hukuma ta amince da shi. Idan ba a rubuta ko'ina ba, kamar yadda aka fi yi, ku je kotun Shari'a ko ofishin rajistar aure na ƙaramar hukuma da waliyyinta da shaidun da ke raye, a rubuta shi da ainihin ranar da aka ɗaura, a haɗa da takardar rantsuwa ta babbar kotu. Ina gargaɗin ka da wani kuskure da na ga ana yi: kada wani ya ruɗe ka da cewa sai kun je an sake ɗaura muku aure a ƙarƙashin Dokar Aure kafin a karɓi takardunku. Wannan nau'in aure na mace ɗaya ne tak, yana hana ƙari muddin yana nan, kuma yana iya rikita batun gado a gidan Musulmi. Mutum ya san abin da yake sa wa hannu.

Maganar suna kuwa, a nan ne na fi ganin fayil ya kwana a ofis. Takardun Nijar da rubutun Faransanci ake cika su, namu kuma da na Ingilishi, sai a wayi gari mace ɗaya tana da suna uku. A katinta na Nijar Aïchatou ce, a takardar asibitin da ta haihu a Katsina Aisha ce, a takardar haihuwar 'ya'yanta kuma A'ishatu. Sunan mahaifinta can Issoufou, nan Yusuf, wani wurin ma an cire shi an sa sunanka. Ranar haihuwa ma haka: da yawa daga cikin mutanen karkarar Nijar takardarsu ba ta asibiti ba ce, hukuncin kotu ne da aka yi daga baya don ya maye gurbin takardar haihuwa, wani lokaci shekara kaɗai aka rubuta babu wata babu rana, nan kuma mai cika fom ya ƙirƙiro mata ɗaya ga watan Janairu. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai tantancewa mutum uku ne. Shawarata ita ce ku ɗauki fasfonta na Nijar a matsayin uwa, duk wata takarda ta bi rubutunsa harafi da harafi, inda aka riga aka saɓa kuma a yi rantsuwar kotu da ke bayyana cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne. Idan ba ta da fasfon Nijar, shi ne abu na farko da za ku nema, kafin komai.

Abu na gaba shi ne halaccin zamanta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza ya zauna kwana 90. Wanda zai wuce haka ana son ya yi rajista da Hukumar Shige da Fice ya karɓi katin izinin zama. Mafi yawan matan da aka auro daga Nijar ba su taɓa jin wannan ba, domin a motar amarya suka shigo, ba wanda ya tambaye su komai a Jibiya ko Kongolam. Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su yi zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa, wannan rangwame ne da ake iya janyewa. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka daina jinkiri. Ku je ofishin Hukumar Shige da Fice na jiha da takardar aure da shaidar cewa kai ɗan ƙasa ne, a ba ta izinin zama a matsayin matar ɗan Najeriya. A can za ka ji jami'ai suna kiran irin wannan mace "Niger wife". Kada ka ɗauka don daga Nijar take; tsohon laƙabi ne da ake yi wa duk baƙuwar da ke auren ɗan Najeriya, ko daga Indiya ta fito ko daga Jamaika.

Neman kansa ana shigar da shi ne a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya, a sashen da ke kula da zama ɗan ƙasa da harkokin kasuwanci, kuma yanzu ta shafin intanet na ma'aikatar ake cike fom a biya kuɗi. Abin da aka saba nema bai wuce wasiƙar neman da ita za ta sa wa hannu ba, da hotunan fasfo, da takardar haihuwarta, da shafin bayanai na fasfonta, da izinin zama, da takardar aure, da shaidar asalinka kai mijin, wato takardar ƙaramar hukuma da fasfonka, da wasiƙarka ta amincewa, da takardun haihuwar yara, da 'yan Najeriya masu mutunci da za su tsaya mata. Duk kuɗin da za ku biya ku biya shi ta shafin, ku riƙe rasit. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce yana da hanya a ciki, kuɗinka yake so.

Daga nan fayil yana tafiya a hankali. Hukumar tsaro ta farin kaya tana bincike, tana iya kiran ku ganawa, tana iya aiko jami'i unguwa ya tambayi mai unguwa da maƙwabta ko da gaske tare kuke zaune. Bayan rahotonsu, kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa, wanda Ministan Harkokin Cikin Gida ke shugabanta, yana duba sunaye ya miƙa wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya, sannan Shugaban Ƙasa ya amince. Ba ɗaya bayan ɗaya ake fitar da takardun ba, tara su ake yi a yi biki guda. A watan Satumban 2022, alal misali, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a zama ɗaya a Abuja. Idan ka kwatanta wannan adadi da yawan matan da aka auro daga Nijar da Chadi da Kamaru a jihohin Arewa kaɗai, za ka gane cewa kusan babu mai bin wannan hanya a cikinmu, kuma za ka gane cewa lissafin jira na shekara ne, ba na mako ba.

Yanzu ga shawarar da aka ba ka. Na san abin da ya sa take da daɗin ji: da ɗan abin goro za a ba ka takardar ƙaramar hukuma cikin yini ɗaya, matarka Hausa take ji irin ta Katsina, babu mai kallonta ya ce baƙuwa ce. Amma wannan takarda cewa take yi asalin iyayenta daga ƙaramar hukumar suke, wanda ƙarya ce, kuma yin amfani da bayanin ƙarya don karɓar fasfo laifi ne a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta 2015, ga ita da ta nema da kai da ka tsaya mata. Katin zaɓe ma haka yake, 'yan ƙasa kaɗai doka ta yarje wa su yi rajistarsa. Lambar NIN ce kawai baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yake da ikon karɓa, da sharaɗin ya faɗi ƙasarsa ta gaskiya, kuma mallakarta ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa ofishina da ɗanta na fari, bayan ta fita takaba da 'yan watanni. An auro ta daga wani ƙauye na jihar Tawa fiye da shekara ashirin da suka wuce. Ta kwance bakin zane ta fito da wata baƙar leda, a ciki akwai katin zaɓe, da takardar ƙaramar hukuma da marigayin ya karɓo mata da kyakkyawar niyya, da wani tsohon katin Nijar da ya dushe har hoton ba ya ganuwa. Katin zaɓen ya ce an haife ta a Sakkwato, tsohon katin ya ce Tawa, tsakanin shekarun haihuwa biyun akwai tazarar shekara shida. Waliyyinta ya rasu, limamin da ya ɗaura auren ya rasu, cikin shaidu saura tsoho ɗaya da ba ya iya doguwar tafiya. Doka tana gefenta sarai, tunda ta taɓa auren ɗan ƙasa, amma kafin mu rubuta ko layi ɗaya na nema sai da muka shafe watanni muna warware takardun da aka yi don a sauƙaƙa mata. Da marigayin ya rubuta aurensu tun yana raye, ya bar ta da takardunta na Nijar yadda suke, da aikin bai kai rabin haka ba. (Na dai kwantar mata da hankali a kan abu ɗaya da ya fi damunta: tumuninta na gado ba ya rataye da wannan takarda, aure ne ya ba ta shi.)

Kana iya tambaya ko sai ta saki Nijar. Sashe na 28 bai tilasta wa wanda aka yi wa rajista ya bar ƙasar da yake ɗanta ta haihuwa ba. Wanda ake buƙatar ya saki wata ƙasa shi ne wanda ya samu waccan ƙasar daga baya, ba ta haihuwa ba. A ɓangaren Nijar kuma, gyaran dokar zama ɗan ƙasa da aka yi a 2014 ya halatta riƙe ƙasa biyu. Saboda haka matarka za ta iya riƙe fasfo biyu ba tare da ta saɓa wa kowace ƙasa ba. Abin da za ta kiyaye shi ne ƙasa ta uku: idan bayan rajistar ta je ta karɓi zama 'yar wata ƙasar, nan take ta rasa ta Najeriya. Akwai kuma iyakoki kaɗan da ya kamata ku sani, ko da ba su dame ku yanzu ba. Ba za ta iya zama Shugabar Ƙasa ko Gwamna ba, domin waɗannan na 'yan ƙasa ta haihuwa ne, kuma sashe na 307 ya hana ta riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi a ƙarƙashin Kundin har sai ta cika shekara goma da rajista. Zaɓe kuwa za ta yi, fasfo za ta karɓa da sunanta na gaskiya.

Batun mijin ƙanwarka daban ne, kuma a nan ne ni kaina nake ganin dokar ba ta yi adalci ba. Sashe na 26 mace ya ambata, bai ambaci namiji ba. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba ya samun wani sauƙin zama ɗan ƙasa saboda auren. Sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo. Wannan sashe yana son ya zauna a ƙasar shekara 15 a jere, ko kuma ya yi wata 12 a jere gab da nema, tare da jimillar shekara 15 a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni. Bayan halin kirki da niyyar zama, sai Gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu, sai kuma a gamsu cewa ya amfani ƙasar ko zai iya amfanar ta, inda takardun biyan haraji da rajistar kasuwanci suke shigowa. Ga Bahaushen Damagaram da ke Kano, sajewa da jama'a ba abin tambaya ba ne. Abin da zai ba shi wahala shi ne tabbatar da shekara 15 da takarda, domin shekarun da mutum ya yi yana ciniki a Kantin Kwari ba tare da katin izinin zama ba suna da wuyar ƙirguwa a fayil. Ya tattara duk abin da ke ɗauke da kwanan wata: tsofaffin rasit na haya da na haraji, takardun banki, takardun makarantar yara.

An yi ƙoƙarin gyara wannan bambanci. A ranar 1 ga Maris 2022, lokacin kaɗa ƙuri'a kan gyaran Kundin, Majalisar Dokoki ta Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar, Majalisar Wakilai ta ce za ta sake dubawa, amma wancan zango ya ƙare ƙudurin bai zama doka ba. Abin lura shi ne maƙwabtanmu sun riga mu: Kundin Ghana na 1992 ya ba miji da mata duka damar neman rajista ta hanyar aure, Nijar ma tun gyaran 2014 namiji ko mace da ya auri ɗan ƙasar zai iya nema bayan shekara uku da aure. Wato kai, idan ka koma Maraɗi da zama, hanyar da za ka bi ta fi wadda surukinka zai bi a Kano gajarta nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba a bar shi a rana ba. Sashe na 32 ya tanadi matsayi na musamman ga baƙon da ke auren ɗan ƙasa, wanda ke ba shi cikakken ikon zama ba tare da ya zama ɗan ƙasa ba, kuma a ma'aikatar nan ta Harkokin Cikin Gida ake nemansa. A aikace mazajen 'yan Najeriya ne suka fi cin gajiyarsa. Shi ya kamata ya fara nema, domin zai halatta zamansa, kuma shekarun da zai yi a kansa za su ƙirgu ba gardama. 'Ya'yan ƙanwarka kuwa 'yan Najeriya ne tun haihuwa ta ɓangaren mahaifiyarsu, daidai da naka, ko da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya ce musu ɗa na uba ne. Wannan magana ce ta al'ada, sashe na 25 bai san ta ba.

Saura kujerar Makka. Rajista ba za ta fito kafin jirgin bana ya tashi ba, kuma bai dace a fara tafiyar ibada da fasfon da aka samo da rantsuwar ƙarya ba. Idan niyyar ta bana ce, ka biya mata ta hukumar aikin hajji ta Nijar ko ta wani kamfanin da ke da lasisi a can, ta tafi da fasfonta na Nijar, wanda dama shi ne takardar farko da fayil ɗin Abuja zai nema idan ta dawo. Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya.